Digirin kula da otal: kuɗin da za a kashe zai dawo kuwa?

Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar otal daga ciki. Na samu gurbi a makarantu biyu, duka kwas ɗin kula da otal da karɓar baƙi, shekara huɗu-huɗu. Ta farko mai zaman kanta ce a ƙasar waje, kuma sunanta ya fita sosai. Ta biyu jami'ar gwamnati ce, ba ta yi wani suna a wannan fannin ba. Idan aka haɗa da masauki da tikiti da sauransu, kuɗin ta farko ya ninka na ta biyu sau shida. Yayana ya ce in zaɓi wadda nake so, ko da bashi ne zai ciwo. Zuciyata tana wajen ta farko, amma ina tsoron jefa shi cikin abin da ba zai iya fita ba. Don Allah wanda ya yi karatun nan, ko yake aikin, ya gaya mini gaskiya: kuɗin yana dawowa?

Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni ban ga dalilin yin digiri a kan aikin da ake koyo da hannu ba. César Ritz, wanda sunansa ya zama tambarin otal na alfarma, ɗan ƙauye ne daga Suwizalan, da hidimar tebur ya fara, kuma a 1898 ya buɗe otal ɗinsa a Paris. Conrad Hilton bai karanta harkar otal ba, wani ƙaramin otal ya saya a garin Cisco na jihar Texas a 1919. Ki nemi aiki yau, shekara huɗun da za ki yi a aji ki yi su a bakin aiki, ana biyan ki maimakon ke ki biya.

Malam Bashir:
Kabiru, akwai gaskiya a maganarka, amma ba ta cika ba. Shekarata goma sha shida a wannan sana'a. Da ɗaukar jakunkunan baƙi na fara, na koma teburin karɓar baƙi, na yi shekara uku ina rufe lissafin dare, yanzu ni ke tsara farashin ɗakuna. Don haka na bi hanyar da kake faɗa, na san daɗinta, na kuma san inda take tsayawa.

Zamanin su Ritz da Hilton, mai otal shi ne mai gini, shi ne manaja, shi ke tsaye a ƙofa. Yau manyan kamfanoni irin Marriott da Hilton kaɗan ne daga cikin otal-otal masu ɗauke da sunansu suke nasu na kansu. Gini na wani attajiri ne ko wani kamfanin zuba jari, su kuma sun ba da hayar suna, ko sun karɓi kwangilar gudanarwa. Ma'ana babban manaja yana da iyayen gida biyu, mai gini da mai suna, kuma duk wata sai ya zauna gabansu da takardun lissafi ya kare kowane layi. A nan ne wanda ya taso da hannu kawai yake cijewa. Ni kaina na cije. Na yi shekara biyar a matsayi ɗaya ina kallon yaran da na koya wa aiki suna wuce ni, har sai da na koma karatun yamma.

Hadiza, amsata a gare ki ita ce digirin yana da amfani, amma ba a shekarun farko ba. Ki sa wannan a ranki tun yanzu.

Hadiza:
Na gode Malam. Me kake nufi da ba a shekarun farko ba? A takardar makarantar sun rubuta cewa suna yaye manajoji ne.

Hajiya Zainab:
'Yata, bari in amsa wannan, domin ni ce nake zama a ɗaya gefen teburin ranar intabiyu. Ɗaukar ma'aikata a otal shi ne aikina. Ban taɓa ɗaukar wanda ya fito daga makaranta jiya na ba shi sashe ya riƙe ba, ko daga ina takardarsa ta fito. Zai fara a teburin karɓar baƙi, ko ɗakin cin abinci, ko wajen masu gyaran ɗakuna, kuma albashinsa ba zai yi wa na abokin aikinsa mai difloma nisa ba. Wani lokacin ma ɗaya ne. In ya yi sa'a ya shiga shirin horar da sabbin manajoji na manyan kamfanoni, kamar Voyage na Marriott, to hawansa zai fi sauri, amma masu nema sun fi guraben yawa ƙwarai.

Bambancin yana fara fitowa ne bayan shekara uku zuwa biyar, lokacin da ake neman shugaban sashe. A lokacin ne nake buɗe fayil in ga wa ya san kasafi, wa zai iya rubuta rahoto, wa ya san dokar aiki. Mai digirin da ya jure ya kai wannan lokacin yakan wuce. Matsalar ita ce da yawa ba sa jurewa. Aikin nan na tsayuwa ne, akwai kwana a bakin aiki, kuma ranar da kowa yake hutu ita ce ranar da otal ya fi cika.

Usman:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ni ne misalin da ya kamata Hadiza ta duba. Na yi irin makarantar da take so. Mahaifina ya sayar da kadara, na ƙara da bashi. Ba zan ce ban koyi komai ba, makaranta ce mai kyau, malamai sun san aikinsu. Na gama a 2019, na samu aiki a wani babban otal a ƙasar waje, na fara biyan bashin. Wata bakwai kacal na yi annobar korona ta zo. Na tuna ranar da aka tara mu a ɗakin taro, fitilun rabin ginin a kashe, aka miƙa wa kowa ambulan. Bizata a ɗaure take da aikin, aiki ya tafi, biza ta bi shi. Na dawo da akwati biyu da bashin da kuɗin ruwansa bai san an rufe filayen jirgi ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce masu tafiya ƙasa da ƙasa sun kai kusan biliyan ɗaya da rabi a 2019, a 2020 suka faɗo zuwa wajen miliyan 400. Sama da kashi 70 cikin ɗari ya tafi a shekara guda. Harkar ta farfaɗo daga baya, ni ma na koma aiki, amma shekara biyun da na yi a zaune sun ƙara wa bashin nauyin da har yau nake ɗauka. Sana'ar otal ita ke fara jin jiki duk lokacin da tattalin arziki ya yi tari, domin tafiya ita ce abu na farko da mutane da kamfanoni ke yankewa. Wanda ba shi da bashi yana iya jira. Mai bashi ba ya iyawa.

Hadiza:
Allah Sarki, Yaya Usman. Allah ya yaye maka. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Malam Aminu:
Amin. Ni akanta ne, ba ɗan otal ba, amma lissafin da Hadiza ke buƙata ɗaya ne a kowane fanni. Hadiza, ki bar kallon kuɗin makaranta a matsayin dunƙulallen adadi, domin babban adadi ba ya gaya wa mutum komai. Ki nemo albashin mai fara aikin otal a ƙasar da kike da tabbacin za a bar ki ki yi aiki, ba ƙasar da kike fata ba. Sai ki raba kuɗin kowace makaranta da wannan albashin. Amsar ita ce watanni nawa na aikinki kowace makaranta za ta ci. Ki kawo mana.

Hadiza:
Na tambayi mutum biyu da ke aikin, na ɗauki tsakiya. Ta wajen ta kama kimanin albashin wata 120. Ta gwamnatin kimanin wata 20.

Malam Aminu:
Madalla. To ba duka albashi ake biyan bashi da shi ba, sai an ci an sha an biya haya. Mu ce kina iya ware kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wannan ma ƙoƙari ne. A kan albashin farko, wata 120 zai ɗauke ki wata 480, wato shekara 40. Na san albashi ba zai tsaya wuri ɗaya ba, don haka mu yi miki kyakkyawan zato, mu ce tun ranar farko ninki uku ake biyan ki. Duk da haka wata 160 ne, shekara 13 da wata huɗu, kuma ban sa kuɗin ruwa ko kwabo ba. Ta gwamnatin a kan albashin farko wata 80 ne, in kuma ninki ukun ne, wajen wata 27.

Akwai kuma abin da Kabiru ya taɓo wanda mutane ke mantawa. Shekara huɗu a aji albashin wata 48 ne da ba ki karɓa ba. Wannan yana kan makarantun biyu, don haka ba ya raba su, amma yana shiga lissafi idan ana gwada digiri da fara aiki kai tsaye.

Tambayar da ta rage ita ce, shin sunan makarantar farko zai ba ki ƙarin albashin wata 100 a tsawon aikinki wanda ta biyu ba za ta ba ki ba? Wannan 'yan otal ne za su amsa.

Maryam:
Ni ina ganin kuna rage wa manyan makarantun daraja. Ba a banza suka yi suna ba. Makarantar otal ta Lozan a Suwizalan tun 1893 take, ita ce ake ɗauka ta farko a duniya. Ta Jami'ar Cornell a Amurka tun 1922, har otal gare ta a cikin harabarta inda ɗalibai ke aiki da baƙi na gaske. Abin da ake saya a irin waɗannan wuraren ba darasi kaɗai ba ne, mutane ne. Wanda kuka zauna aji ɗaya da shi, bayan shekara goma shi ke shugabantar yanki guda na kamfani. Kamfanoni da kansu suke zuwa makarantar neman ɗalibai. Kuma yawancin waɗanda suka fi samu ba ma a cikin otal suke ba, suna kamfanonin da ke saye da sayar da gine-ginen otal, da masu ba da shawara kan zuba jari, da bankuna.

Usman:
Maryam, ban musa ba. Amma abu biyu. Na ɗaya, makarantun da ke wannan matakin ba su da yawa, kuma akwai ɗaruruwa da ke karɓar kuɗi kusa da nasu alhali ba su da mutanen da kike faɗa. Sun dai iya ɗaukar hoto da ɗalibai cikin kwat. Na biyu, amfanin waɗannan mutanen yana aiki ne idan kina da izinin zama a inda suke. Abokan ajina da ke da fasfon da ya ba su damar zama sun ci gaba. Mu da muke jiran wani ya ɗauki nauyin bizarmu, namu daban ne.

Maryam:
Maganar biza gaskiya ce, na yarda. Amma in da tallafin karatu fa? Ni da tallafi na yi, rabin kuɗi aka yafe mini.

Malam Aminu:
To ai lissafin ya canza ke nan. Rabin 120 sittin ne. Har yanzu ninki uku ne na ɗayar, amma ya shigo inda za a iya zama a yi magana. Hadiza, kin nemi tallafi kuwa?

Hadiza:
Ban nema ba, ban ma san suna bayarwa ba. Zan rubuta musu yau.

Malam Bashir:
Kafin ki rubuta, bari in nuna miki abin da ya kamata ki duba a manhajar kowace makaranta, domin a nan kuɗin yake. A otal akwai aikin da kowa ke gani, akwai wanda ba a gani. Murmushi, jera tebur, gyaran gado, duk ana koyon su a wata shida a bakin aiki, kuma Kabiru ya yi daidai a kan wannan. Wanda ba a gani shi ne lissafi.

Ɗakin otal kaya ne mai lalacewa. Daren da ya kwana babu kowa ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Kujerar jirgi ma haka take, shi ya sa kamfanonin jiragen Amurka, musamman American Airlines, suka fara wannan dabara ta sauya farashi gwargwadon buƙata bayan an sakar musu mara a 1978, daga baya otal-otal suka ɗauka. Ga misali. Otal mai ɗaki 100, farashin dare 100, kowane irin kuɗi ne. An sayar da 60, an samu 6,000. Sai wani ya ce a rage zuwa 80 a cika gida. An rage, an sayar da 80, an samu 6,400. Kowa na murna. Amma duk ɗakin da aka kwana a ciki yana cin kuɗi: wanki, sabulu, wuta, ruwa, ladan mai gyara. Mu ce 25. A lissafin farko an kashe 1,500, saura 4,500. A na biyu an kashe 2,000, saura 4,400. In kuma ƙarin baƙi 20 ɗin ta Booking.com suka zo, wato shafin kama ɗakin otal a intanet, wanda kamashonsa yakan kai kashi 15 cikin ɗari, sai a cire 240, saura 4,160. Gida ya fi cika, ma'aikata sun fi gajiya, riba ta ragu.

Na ga manajan da ya yi shekara ashirin yana aiki bai gane wannan ba. Wanda ya gane, ya kuma iya nuna shi a takarda, shi ake nema, shi ake ƙara wa albashi don kada ya tafi. Don haka ki duba: akwai darasin tsara farashi? Akwai lissafin kuɗi na otal? Harkar tana da tsarin lissafinta na musamman wanda aka fara bugawa a New York tun 1926, kuma har yau da shi manyan otal ke tsara rahotonsu. Ana koya shi? Ana sa ɗalibai a gaban manhajar kwamfuta irin Opera, wadda otal da yawa ke karɓar baƙi da ita, ko a allo kawai ake zana ta? Makarantar da ba ta da waɗannan, ko kyauta ce ta yi tsada.

Kabiru:
Malam Bashir, na ji wannan. Amma ai kai da kanka ka ce a karatun yamma ka koya. Me zai hana ta fara aiki, ta yi gajerun kwasa-kwasai a hankali?

Malam Bashir:
Ba abin da zai hana, hanya ce, kuma ga wanda ba shi da mai biya masa ita nake ba shi shawara. Sai dai ka san me ake nufi da karatu bayan aikin dare? Ƙarfe uku na dare ina gaban kwamfuta ina neman inda lissafin rana ya ƙi daidaituwa, ga baƙo ya sauka daga jirgi da takardar kama ɗaki a hannu alhali an sayar da ɗakinsa, sai na buga waya otal uku kafin in samar masa wurin kwana. Ƙarfe bakwai in miƙa aiki, in yi barcin awa huɗu, in tashi in buɗe littafi. Abin da ɗalibi ke gamawa a shekara huɗu ya ɗauke ni bakwai. Hadiza tana da damar yi da arha, tana da ƙuruciya. Ban ga dalilin da za ta bi doguwar hanya ba.

Fatima:
Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Na yi wannan digirin, na yi shekara huɗu a otal, na bari bayan na haihu saboda aikin dare ya gagare ni. Na ɗauka karatuna ya tashi a banza. Yanzu ina kula da sashen hidimar marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa: gadaje, wanki, kicin, tsabta, ƙorafin mutane. Otal ne sak, sai dai baƙin ba da son ransu suka zo ba. Cikin 'yan ajinmu akwai mai aiki da kamfanin jirgi, akwai mai shirya manyan taruka, akwai mai kula da gidajen da ake bayarwa haya ta Airbnb. To amma in faɗi gaskiya, abin da ya buɗe mana waɗannan ƙofofin darussan kasuwanci ne da ke cikin kwas ɗin. Shi ya sa wani lokaci nake tunanin da na karanta harkar kasuwanci zalla, na riƙa aikin otal lokacin hutu, da na isa inda nake, kuma da zaɓina ya fi faɗi. Hadiza, ki tambayi kanki ko otal ɗin kike so har zuciya, ko dai tafiye-tafiye da kyan wurin ne suka ja ki.

Hadiza:
Anti Fatima, wannan tambayar ta taɓa ni. Gaskiya ban taɓa aiki a otal ko na kwana ɗaya ba.

Hajiya Zainab:
To daga nan za ki fara, 'yata. Kafin a biya ko sisi, ki nemi aikin wucin gadi na wata biyu ko uku, kuma ki roƙa a sa ki wajen masu gyaran ɗakuna. Ranar da kika gyara ɗaki goma sha huɗu, kika durƙusa kika wanke banɗaki goma sha huɗu, kika dawo washegari ba tare da an lallashe ki ba, kin samu amsar da ba wanda zai ba ki a nan. Kuma waɗannan watannin za su yi miki amfani a takardar neman aiki fiye da yadda kike zato.

Sannan ki rubuta wa makarantun biyu, ki ce su gaya miki a rubuce: watanni nawa ne na horon sanin makamar aiki, a waɗanne otal, su ke nemo wa ɗalibi wuri ko shi zai nema, ana biya ko ba a biya. Ki ce su haɗa ki da mutum uku da suka gama shekara biyar da suka wuce, ba waɗanda ke cikin tallarsu ba. Ga ta wajen, ki tambayi ɗalibai baƙi nawa ne suka samu izinin aiki bayan sun gama. In suka yi ta kewaye-kewaye, kin ji amsa.

Hadiza:
Na dawo da bayani, kuma na gode muku duka. Ta wajen sun amsa da sauri. Za su rage mini kashi 20 cikin ɗari, wato ta dawo albashin wata 96. A kan izinin aiki sun ce ya danganta da dokar ƙasa, ba su ba ni adadi ba. Ta gwamnatin sai da na je da kaina. Suna da lissafin kuɗi na shekara biyu da horon wata shida, amma ɗalibi ne ke nemo wa kansa wuri, kuma babu darasin tsara farashin da Malam Bashir ya yi bayani. Mun zauna da Yayana na nuna masa lissafin Malam Aminu, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in yi ta gwamnatin, in na yi aiki na ga ina so, sai a duba digiri na biyu na shekara ɗaya a waje. Na kuma samu wani otal da zai ɗauke ni gyaran ɗakuna daga farkon wata. Abin da ya rage mini shi ne darasin farashin nan. A ina zan same shi?

Malam Bashir:
Allah ya sa albarka, ya saka wa yayanki. Darasin farashi akwai shi a intanet, Cornell ma suna da gajeren kwas mai satifiket a kansa, amma kada ki saya yanzu, sai kin kai shekara ta uku, lokacin da lissafin zai zauna miki. Abin da za ki yi tun yanzu shi ne ki ƙware a manhajar lissafi ta kwamfuta, Excel, sosai. Idan kin fara aikin, ki gano wanda ke rufe lissafin dare, ki gaishe shi da ladabi, ki roƙe shi ya bar ki ki zauna kusa da shi dare ɗaya a mako. Rahoton da yake bugawa kafin asuba yana ɗauke da ɗakuna nawa aka sayar, a kan nawa, ta wace hanya baƙin suka zo. Ki nemi izinin manaja kafin ki kwafi komai daga ciki. In kin tara na wata guda, ki zo nan mu karanta shi tare.